Kotun bin bashi a Garwa da kotun talabijin: me za ka tarar idan ka je?

Masu kallon shirye-shiryen shari'a na Amurka sun saba ganin alƙali ya raba gardama cikin minti goma. Shirin Judge Judy, da aka yi daga 1996 zuwa 2021, ba kotu ba ne. Sulhu ne da masu rigimar suka sa hannu suka yarda da shi, kuma masu shirin ne ke biyan kuɗin da aka yanke, wanda ba ya wuce dala 5,000. Shi ya sa ba ka taɓa ganin wahalar karɓar kuɗi a allo.

A Kamaru babu wata kotu ta musamman don ƙananan basussuka. Bashin da bai wuce sefa miliyan 10 ba, kotun matakin farko ce ke da shi, a Garwa ko Marwa ko Ngawundare. Hanya mafi sauƙi ita ce neman umarnin biya a ƙarƙashin dokar OHADA, wato dokar kasuwanci ta bai-ɗaya ta wasu ƙasashen Afirka, wadda Chadi ma ke aiki da ita. A ganinmu hanya ce mai kyau ƙwarai, amma ga mai takarda kaɗai.

Sharaɗi uku ne: bashin ya tabbata, an san adadinsa, lokacin biya ya yi. Ka rubuta buƙatarka da Faransanci, ka haɗa da takardar da mai bashin, wato wanda kake bi, ya sa wa hannu, ko cek ɗin da banki ya dawo da shi, ka kai ofishin magatakarda, ka biya tambur da kuɗin ajiya. Alƙali zai duba takardun ba tare da ya kira kowa ba. Babu ihu, babu 'yan kallo.

A nan ne mutane ke tuntuɓe. Ɗan kasuwar da ya ba da buhu arba'in na masara bisa amana, shaidarsa Allah da maƙwabcin rumfa, wannan hanya ba za ta karɓe shi ba. Sai ya bi ƙara ta yau da kullum, mai yawan ɗage zama. Saƙon Orange Money yana nuna kuɗi sun fita, amma bai ce rance ba ne. Layi biyu a takarda, da kwanan wata da sa hannu, sun fi shi ƙarfi.

Idan umarni ya fito, dole wisiye, wato jami'in isar da takardun kotu, ya kai wa mai bashin cikin wata uku, in ba haka ba umarnin ya mutu. Mai bashin yana da 'yan kwanaki ya ƙalubalanta. Idan ya yi, za a fara gwada sasanta ku. Idan ya yi shiru, ka koma a buga hatimin zartarwa, sannan wisiye ya iya kama kaya ko asusun banki. Kuɗin aikinsa daga aljihunka za su fara fita, don haka kafin ka shigar da takarda ka binciki ko mutumin yana da babur, shago ko albashin da za a iya taɓawa.