Sharhi a Kan Tsarin CAPS na Hukumar JAMB

Tun shekarar 2017 da hukumar JAMB ta ɓullo da tsarin CAPS, wato shafin intanet na tantancewa da bayar da gurbin karatu, a ƙarƙashin jagorancin Farfesa Is-haq Oloyede, ta wannan kafa ake bayar da gurbin karatu a jami'o'i da kwalejojin kimiyya da fasaha da kwalejojin ilimi na Nijeriya, kuma duk wanda aka ɗauka ta bayan fage, hukumar ba ta san da zamansa ba. A ganina babban alherin tsarin ke nan, domin ɗalibi yana iya shiga shafinsa ya gane wa idonsa inda aka kwana: ko makarantar ta gabatar da sunansa, ko hukumar ta amince, ko kuwa har yanzu da sauran jira.

Sai dai tsarin ba ya jan kowa da hannu. Ɗalibin da ya yi rajista tun yana jiran sakamakon WAEC ko NECO ko NABTEB, idan sakamakon ya fito bai je cibiyar da hukumar ta amince da ita an ɗora masa shi ba, to ba za a ba shi gurbi ba, komai yawan makin da ya samu cikin 400 na jarrabawar UTME, wato jarrabawar shiga manyan makarantu da JAMB ke shiryawa. Haka nan layin wayar da aka tura lambar NIN da shi zuwa 55019 ko 66019 domin fara rajistar JAMB, shi ne ke ɗaure da bayanan ɗalibi, saboda haka ganganci ne a yi rajista da layin mai shagon intanet, ko a bar masa adireshin imel da kalmar sirri, alhali ta nan ne muhimman saƙonni za su riƙa shigowa.

Inda nake ganin tsarin ya gaza shi ne wajen bayani. Komai da Turanci yake, a taƙaice ƙwarai, kuma shafin ya fi buɗewa sosai a kwamfuta fiye da a wayar hannu, wadda ita ce mafi yawan ɗalibai suka mallaka. Saƙon da ke cewa ba a ba mutum gurbi ba yakan tayar da hankalin gida gaba ɗaya, alhali yana iya sauyawa idan makaranta ta fitar da rukuni na biyu.

Abin da ya fi buƙatar natsuwa shi ne lokacin karɓa. Makaranta tana iya yi wa ɗalibi tayin wani fanni daban da wanda ya nema, kuma da zarar ya danna ya karɓi gurbi, wata makarantar ba za ta ƙara duba shi a wannan shekarar ba. Ya kamata ya shawarci iyayensa da wani malami da ya san fannin kafin ya danna, sannan ya buga takardar shaidar samun gurbin ya adana, domin za a neme ta ranar rajista a makaranta.