Sahur da ful ko sahur da burodi da shayi

A garuruwan Hausawan Sudan irin su Maiwurno, inda azumi kan faɗo cikin zafi mai tsanani, mai sahur yakan zaɓa tsakanin kwanon ful (dafaffen wake irin na Sudan) da man riɗi da ƙwai, da kuma farin burodi da shayi mai sukari.

Burodi da shayi ba su da wahalar haɗawa, amma suna saurin narkewa. Sukarin jini yakan hau nan take, insulin ya biyo baya ya sauko da shi, saboda haka tun hantsi manomi zai ji jikinsa ya mutu, hankalinsa ya bar fartanya ya koma kan buɗe-baki.

Ful kuwa yana daɗewa a tumbi saboda furotin da dusar da ke cikinsa, kuma yana jinkirta tashin girelin, sinadarin da masana a Japan suka gano a 1999, wanda tumbi ke fitarwa don sanar da ƙwaƙwalwa cewa akwai yunwa. A ganina ful ya fi dacewa da mai aikin ƙarfi, muddin ba a cika masa gishiri ba, domin da rana tsaka ƙishirwa ta fi yunwa karya zuciya.