Hadda ko taɓa-ka-faɗa: wace ta fi wajen koya wa yaro sassan jiki da Turanci?

'Yar uwa daga Daura, na ga tambayarki. Kin ce kina da yara biyu, ɗan shekara 5 da 'yar shekara 9, kuma kin rasa wadda za ki ɗauka: ki rubuta musu kalmomin jiki da na lafiya su haddace, ko ki bi hanyar wasa, ana taɓa wuri ana faɗin sunansa. Ni malamar firamare ce a nan cikin Katsina, duka hanyoyin biyu na yi aiki da su a aji, ga abin da na gani.

Hadda ba baƙuwarmu ba ce. Yaron da ya saba da allo, kalma goma ba za ta gagare shi ba a zama ɗaya. Ki ce head, ya ce kai. Ki ce eye, ya ce ido. Ga sauri, ga sauƙi. Matsalar ita ce yakan riƙe jerin ne kamar karatu, in kika tsinko kalma daga tsakiya sai ya koma farko ya biyo kafin ya iso ta.

Babbar matsalar kuma ba ta nan ba ce. Hausa da Turanci ba su raba jikin mutum iri ɗaya ba. Mu hannu ɗaya muke cewa tun daga kafaɗa har yatsu, su kuwa suna da arm suna da hand. Ƙafa ma haka, akwai leg akwai foot. Yatsa a wurinmu yatsa ne, sai dai mu ce na hannu ko na ƙafa, su kuma finger daban, toe daban. To in kin rubuta hand kika sa "hannu" a gabansa, arm kuma me za ki rubuta? A nan jeri yake cijewa. Amma in kika kama tafinsa kika ce hand, kika shafa damtsensa kika ce arm, magana ta ƙare ba tare da dogon bayani ba.

Wannan hanya ta motsa jiki wani malamin jami'a ne a Amurka, James Asher, ya tsara ta a shekarun 1960, bisa lura da cewa yaro yana fahimtar umarni ya aikata tun kafin bakinsa ya buɗe. Abin da kowace uwa ta sani ne: ɗan yaye za ki ce "kawo takalminka" ya kawo, alhali bai iya faɗa ba. Saboda haka ƙaraminki ki fara shi da touch your nose, open your mouth, wash your hands, lokacin wanka ko kafin cin abinci. Kalma uku ko huɗu a rana sun isa, kada ki matsa masa ya maimaita, da kansa zai fara. In ya shiga famfara kuma, ga darasi ya zo har gida: wanda ya faɗi tooth ne, sauran na baki teeth.

Sai dai wasa yana da iyaka. Hanta da ƙoda da huhu ba a taɓa su, zazzaɓi da jiri ma ba a nuna su da yatsa. Ga kuma rubutu: knee da wrist da thumb kowace tana da harafin da ba a furtawa, stomach kuma da sautin k take ƙarewa. Wanda ya koya da kunne kawai zai faɗi a jarrabawa. Babbar taki tana buƙatar littafi da biro, a nan hadda ta fi.

Abin da na fi damuwa da shi shi ne kalmomin rashin lafiya, don kuskure a nan ba na maki ba ne kaɗai. Yara da yawa sun ɗauka fever da malaria abu ɗaya ne, saboda a gida duk zazzaɓi muke cewa. Ki zaunar da ita ki bayyana mata da Hausa: fever zafin jiki ne da ya wuce ƙa'ida, wato ya kai wajen digiri 38 a ma'aunin zafin jiki, malaria kuwa cuta ce da sauro ke yaɗawa, gwajin jini ne ke tabbatar da ita. "Ciwo" ma kalma ɗaya ce a bakinmu, amma ciwon kai headache ne, ciwon da aka ji a faɗuwa wound ne ko injury. Waɗannan a jimla ake koyar da su, kamar I have a headache ko my leg hurts, yadda in ta tsaya gaban malami ko nas za ta iya faɗin abin da ke damunta.

Ki kuma sa kunne a kan p da f, don yaranmu kan ce fain a maimakon pain. Ki riƙe 'yar takarda a gaban leɓenta, in ta furta p daidai takardar za ta motsa.

Da ni ce ke, ƙaramin wasa zalla zan yi masa har ya shiga aji ɗaya. Babbar kuma ta fara da taɓawa, bayan Magariba ta rubuta kalmomin ranar guda biyar, ranar Asabar ki sa ta zama malamar ƙanenta.