Ragar aikin ƙaba: sabuwa a leda ko yankin da aka sake turarawa?

Ɗan'uwa daga Argungu ya ce za a yi wa mahaifinsa aikin ƙaba, likita ya ba shi zaɓi tsakanin sabuwar raga (wadda ake sawa a ciki don ƙarfafa wurin da ƙabar ke fitowa) da mai araha da aka sake kashe wa ƙwayoyin cuta, yana tambaya ko ta biyun za ta riƙe. Allah ya ba Baba lafiya.

Da farko a cire tsoro ɗaya: ragar da aka ciro daga jikin wani ba a mayar da ita jikin kowa. Abin da ake yi shi ne, asibiti ya sayi babban falle, kamar santimita 30 tsawo da faɗi, a yanka wa mara lafiya daidai bukatarsa, sauran a naɗe a turara, wato a kashe ƙwayoyin cuta da tururi mai zafi. Zarenta iri ɗaya ne da na sabuwa, polypropylene, mai kama da zaren fatsa.

Sabuwa ba ta da dogon bayani. Tana zuwa a rufe daga kamfani da ranar ƙarewa a jikin ledar, kuma an rubuta amfani sau ɗaya. Matsalarta kuɗi.

Ta biyun kuwa, ingancinta ya rataya ne a kan hannun da ya turara ta. Wani bincike a Turkiyya a 2005 ya kwatanta su a aikin ƙabar matsematsi, bai ga bambanci wajen ruɓewar ciwo ba. A Uganda ma, a 2016, an gwada ragar gidan sauro marar magani da aka turara a digiri 121, sakamakon ya yi kusa da na ragar kamfani. Kada wani ya ɗauka irin gidan sauron da ake rabawa ne, wannan akwai maganin ƙwari a jikinsa. To amma zafi yana cin ƙarfin zaren idan aka maimaita, shi ya sa turarawa sau ɗaya ta fi aminci, ko a yi da iskar ethylene oxide. Tafasawa a ruwa ko jiƙawa a ruwan magani ba su isa ba, kuma nan ne nake jin tsoro. Raga in ta ɗauki ƙwayar cuta, ciwon kan yi ta fitar da mugunya wata da watanni, wani lokaci sai an sake buɗewa an cire ta. Raga mai rufi da ake sawa can ciki kusa da hanji, ita ba a sake turara ta.

Shawarata, in da hali a sayi sabuwa. In babu, kada a fasa aiki, musamman ga manomin da ke ɗaukar buhun shinkafa. Ka tambayi likita da me aka turara ta, sau nawa, kuma ko tef ɗin shaida da ke jikin ƙunshin ya canza launi. In kafin ranar ƙabar ta sauko ta ƙi komawa, ga ciwo da amai, a kai Baba asibiti a daren, ko a Argungu ko Birnin Kebbi.