Gidajen Yaƙin Ingila da Yadda Ake Gyara Su

'Yan'uwa magina na gida, bayan gaisuwa, ga abin da ya shafi tsoffin gidajen yaƙi na nan Ingila.

Bayan da William na Nomandi ya ci ƙasar a 1066, mutanensa sun fara ne da tara ƙasa ta zama tudu, su kewaye da gwalalo, su ɗora hasumiyar katako a sama. Dutse ya biyo baya. Hasumiyar Rochester, wadda aka soma a 1127, ta haura mita 30. A 1215, da 'yan tawaye suka fake a cikinta, Sarki John ya sa aka yi rami ƙarƙashin kusurwarta, aka tokare da itace, aka cinna wuta da kitsen aladu 40, kusurwar ta rushe. Da aka zo sake ta sai aka yi ta zagayayya, don kusurwa mai kaifi ta fi sauƙin rusawa ta hanyar haƙa rami ƙarƙashinta.

Shiga wasunsu ba kyauta ba ne. Ƙungiyar English Heritage na kula da wurare sama da 400, kuma katin shekara ya fi araha ga mai yawan zuwa, sai dai ba ya shigar da mutum Hasumiyar Landan, wannan hukumarta daban. Kuɗin, gyara yake tafiya, abin da badalar Kano ta rasa ke nan.

Gyaran ne ya kamata ku lura da shi. Ba sa kusantar tsohon bango da siminti. Farar ƙasar ƙonannen dutse suke kwaɓawa, kashi ɗaya da yashi kamar kashi uku. A ƙwaƙule tsohon kwaɓin da ke tsakanin duwatsu, zurfin ya kai ninki biyu na faɗin tsagar, a jiƙa, a cusa sabo a danne, sannan a rufe da jiƙaƙƙen buhu ya sha iska a hankali. Rana ta busar da shi da wuri, ya tsage. Sanyi ya yi ƙasa da digiri 5, a dakata.

Dalili kuwa, siminti ya fi dutsen tauri, ba ya barin danshi ya fita. Ruwa ya taru, hunturu ya daskarar da shi, fuskar dutsen ta ɓare. Kun san yadda filastar siminti ke ɓallewa daga ginin tubali bayan damina ta tafi da rabin bangon, alhali makuba ba ta yin haka. Magina a nan har yau suna cire simintin da aka liƙa wa waɗannan bangaye a ƙarnin da ya wuce.