Sharhina kan sayen gida ta hannun noter a Maraɗi

Noter dai, wato masanin doka mai rubuta takardar ciniki ya buga mata hatimi, akwai tsada, kuma akwai jan lokaci, wannan ba abin ɓoyewa ba ne, amma in gidan gado ne za ka saya a garin nan ni dai ba zan ba ka shawarar ka tsaya ga dillali da shaidu biyu da sa hannun mai unguwa kaɗai ba. Na sayi gida a unguwar Ali Ɗan Sofo ta hannun wani ofishin noter, ba zan kama suna ba don abin da zan faɗa akwai yabo akwai ƙorafi, kuma ƴan uwa da abokan kasuwa sun dame ni da tambaya wai ko kuɗɗin da na zuba sun yi amfani. To ga abin da na gani.

Gidan na marigayi ne, ya bar mata biyu da ɗiya da yawa, babban ɗan shi ne ya fito da gidan kasuwa kuma mutumin kirki ne wallahi, ba ya da niyyar cuta. Ya zo da takardar meri wadda ake ce ma akt de sesiyon, da sunan mahaifinsu a kai, lambar ilo, wato rukunin gidajen, da ta farsel, wato hilin gidan, duk sun yi daidai. A ganin dillali magana ta ƙare, a ƙirga kuɗɗi a yi fatiha. Da muka shiga wajen Metir, wato noter ɗin, ya duba takardar ya ɗago kai ya ce ma yaron, Malam, wanga gida ba naka ba ne kai ɗaya, ina takardar mutuwar Alhaji, ina takardar magada, ina takardar zaman dangi da aka yi a jastis wadda ta ba ka izinin saidawa. Babu ko ɗaya a hannunshi. Nan fa aiki ya tsaya cik.

Anan ne na ga amfanin abin, don da aka bi lissahin magada sai ga wata ɗiya da ke aure Damagaram ba a ma sanar da ita ba, da wani ƙanensu da ke kasuwanci Kano. Shari'a ta ba kowa rabonshi, matan marigayi suna da tumuni su raba tsakaninsu tunda akwai ɗiya, namiji na da rabon mata biyu, kuma kotunan Nijar a harkar gado suna bin al'adar masu gadon, wadda a wajenmu ita ce ta musulunci. Ke nan in mutum ɗaya cikinsu bai yarda ba, ko bayan shekaru ya taso, kai mai saye ne za ka kwana da ciwon kai, ka gina bene ka zuba iyali a zo a ce ciniki bai inganta ba. Kowa a Maraɗi ya san gida ko hili da aka daɗe ana ja a kai saboda irin wannan. Metir ya ce ba zai rubuta komi ba sai kowane magaji ya sa hannu ko ya aiko da takardar wakilci mai hatimi. Babban ɗan ya ji haushi, ya ce ana nuna kamar shi ɓarawo ne, sai da wata gwaggonsu ta sa baki ta ce mishi kai dai bi abin da aka ce, haƙƙin marayu ba abin wasa ba ne. Allah ya saka ma tsohuwar nan da alheri.

Abu na biyu da ya burge ni, kuɗɗin gidan ba hannu da hannu muka yi ba. Na zuba su asusun ofishin a banki aka ba ni rasit, suka zauna can har takardu suka kammala sannan aka ba magada. Wanda ya san yadda ake ɗaukar miliyoyin sefa cikin buhu a shiga zaure ana ƙirgawa ya san irin kwanciyar hankalin da ke cikin wannan.

Sun kuma fahimtar da ni wani abu da mutane da yawa ke haɗawa wuri guda. Takardar meri daban, titir fonsiye daban. Ta meri tana nuna an ba ka farsel cikin lotisma, wato wurin da aka yanka ma mutane hili hili, kuma da ita mafi yawan gidajen garin nan ke tafiya, amma titir shi ne aka rubuta cikin kundin ƙasa a ofishin kadastir da ke ƙarƙashin hukumar haraji, shi ne banki ke so in za ka jinginar da gida ka ɗauki bashi. Tun 2006 gwamnati ta kawo tsarin Sheda don a sauƙaƙe samun titir ɗin, to amma har yau sai ka tarar da babban ɗan kasuwa da gidaje rututu babu ko ɗaya mai titir. In kuwa gona ce a bayan gari wajen Tibiri ko hanyar Ɗan Isa, wannan kuma harkar kofo ce, kwamitocin ƙasa da dokar karkara ta 1993 ta kafa, ba hanya ɗaya ba ce da ta cikin gari. Ni na ce a canza min suna a meri tukun sannan a shigar da neman titir, jewometir mai awon hili ya zo ya auna ya duba borni, wato alamun iyaka, har aka gano katangar maƙwabci ta ɗan shigo, muka zauna da shi muka daidaita cikin mutunci.

Yanzu ƙorafi. Na ɗaya komi da faransanci ne, shafi bisa shafi, kuma magatakardan yana karantowa da sauri kamar ana koro shi, matan marigayi ba su yi lakwal ba, sai da na roƙa aka zauna aka fassara musu da Hausa layi layi kafin su dangwala yatsa. Wannan bai kamata sai an roƙa ba, a gari irin Maraɗi ya kamata ya zama shi ne ƙa'ida. Na biyu lissahin kuɗɗi, da farko an faɗa min jimla guda da baki, daga baya tambur ya fito, kuɗɗin rajista suka fito, na jewometir daban, na canjin suna daban, kowane da ranar shi. Ban ce an ci min ko dala ba, kowane akwai rasit, kuma babban kaso na gwamnati ne ba na noter ba, amma da tun ranar farko an rubuta min su a takarda da na shirya aljihuna. Ku nemi wannan a rubuce tun kafin ku ba da ko jika guda. Na uku jira, a ce ka dawo jibi ka zo a ce Metir ya tafi Yamai, waya kuma ba kullum ake ɗauka ba.

Sannan kar wani ya ɗauka noter zai duba mishi komi. Shi takarda yake dubawa, ba ya zuwa ya ga ko ruwa na kwanciya a ƙofar gida. Bayan abin da ambaliyar 2024 ta yi ma garin nan, duk mai sayen gida musamman ɓangaren da ke gangarawa Gulbi ya je da ƙafarshi ya tambayi maƙwabta yadda unguwar take da damina. Haka bashin wuta da na ruwa da ke kan konter, da lanhon gida in akwai, kai za ka bincika ka sa a cire daga kuɗɗin ciniki kafin a sa hannu. Ni a nawa an tarar da ɗan bashin wuta, magada suka biya ba gardama.

Takardar meri ta fito da sunana tana hannuna, titir kuwa har yanzu yana kan hanya, sun ce dosiye ya wuce kadastir, ina leƙawa lokaci lokaci. In zan sake sayen gidan gado zan koma wajen noter, ko wannan ofishin ko wani, sai dai zan tafi da mai karanta min faransanci nawa na kaina.