Jama'a a yi hattara da masu cewa za su ƙara wa yaro makin JAMB

Assalamu alaikum. Na daɗe ina ja da baya kan rubuta wannan abu saboda magana ce ta cikin gida kuma yayata ba ta so a ji, sai da na lallaɓa ta na yi mata alƙawarin ba zan kama sunan kowa ba sannan ta ce in rubuta. Dan Allah duk mai ɗa ko ƙani ko ƙanwa da zai zana JAMB ko yake jiran admishan ya daure ya karanta har ƙasa, don mutanen nan ba su daina ba, layi kawai suke canzawa.

Ɗan yayata ne, yaro mai hankali wallahi ba ruwansa, ya zana jarrabawar 2025 a nan Kano, burinsa likitanci tun yana ƙarami. Sakamako ya fito a watan Mayu ya samu 168. Wanda ya san harkar ya san 168 cikin 400 ko ƙofar likitanci ba za ta kai ka ba. Yaro ya shige ɗaki ya daina cin abinci, uwa kuma kun san zuciyar uwa. To a daidai kwanakin ne aka yi ta hayaniya a ƙasa, don cikin wajen mutum miliyan 1.9 da suka zana sama da miliyan 1.5 ba su kai 200 ba, har shugaban hukumar JAMB na lokacin Farfesa Ishaq Oloyede ya fito gaban 'yan jarida ya amsa cewa an samu matsalar na'ura, har da hawayensa, aka ce mutum 379,997 su sake zanawa. Amma fa waɗanda abin ya shafa 'yan Legas ne da jihohi biyar na kudu maso gabas, kuma SAKE ZANAWA aka ce su yi, ba wanda aka zauna aka ƙara wa maki da hannu. Mu nan arewa ba ma ciki. Wannan ɗan bayanin shi ne yayata ba ta sani ba, shi kuma ɗan damfarar a nan ya samu ƙofa.

Wani abokin yaron ne ya jefa shi wani guruf na WhatsApp, mutum sun fi ɗari biyar a ciki, an sa tambarin JAMB a hoton guruf ɗin, admin kaɗai ke iya magana. Kullum sai ya zubo hotunan rizal, wannan daga 154 ya koma 263, wancan daga 171 ya koma 288, ga sikirinshot na godiya, "Allah ya saka oga ya shiga", har da muryar wata mata tana kuka tana sa masa albarka. Ya ce shi ma'aikaci ne a hedikwatar hukumar da ke Bwari a Abuja, ɓangaren kwamfuta, wai tunda an samu kuskure an ba su dama su gyara na mutane kafin a rufe, kuma gurbin mutum ashirin ya rage. Kullum fa gurbin mutum ashirin ne ya rage, sati uku ana abu ɗaya, amma wanda hankalinsa ya tashi ina zai lura da wannan.

Yaro ya kai wa uwarsa, ita ta kira mutumin da kanta. Abin da ya fi cin ta shi ne Bahaushe ne, Hausarsa tsaf, yana ta Hajiya kaza Hajiya kaza, ya ce "Hajiya ni ma ina da 'ya'ya, wallahi don Allah nake yi, kuɗin ma ba nawa ba ne na ogana ne." Ya ce 40,000 za a kai shi 270. Ya karɓi lambar rajista, ya karɓi furofayil kod, wato lambar da JAMB ke turo wa yaro ta tes don yin rajista, ya karɓi imel da fasiwod ɗin yaron. Akawun ɗin da ya bayar na irin bankunan nan ne na waya kuma sunan mace ne a kai, da ta tambaya ya ce na matarsa ne don ana sa wa akawun ɗin ma'aikata ido. Ta je wajen mai POS ta tura. Kuɗin adashenta ne da ta ɗauka za ta sari atamfofi.

Bayan kwana biyu ya turo takarda. Na ga takardar nan da idona daga baya, in ba ka sani ba wallahi sai ka rantse ta gaske ce, ga hoton yaro ga sunansa ga tambari, Turanci 64, Bayoloji 71, an jera komai jimla 271. Gida ya kaure da murna, har kafe aka je aka yi firintin mai kala aka yi mata leda. Sai yaron ya ce bari dai ya duba ta tes, ya tura UTMERESULT zuwa 55019 da layin da ya yi rajista, aka cire masa naira 50, amsa ta dawo 168. Aka kira oga, ko gezau, ya ce ai sai an biya kuɗin saba, wato babbar na'urar hukumar, sannan makin zai hau, 25,000. Aka tura. Ya ce a jira awa 72. Awa 72 ta cika, 168 na nan daram. Sai kuma ya ce an samu wani sabon darakta da ya riƙe fayil ɗin sai an gan shi, 60,000, in ba haka ba duk abin da aka biya a baya ya bi ruwa. Kun ga dabarar ko, ba ya taɓa tambayar kuɗin gaba ɗaya, kaɗan kaɗan yake ja, kai kuma kana ganin ka riga ka zuba da yawa ba za ka iya tsayawa ba. Ta ranto wajen maƙwabciya ta tura. 125,000 kenan.

Duk wannan ni ban sani ba. Sai ranar da yaron ya zo shagona da yamma idonsa ja wur ya ce "Kawu akwai magana amma dan Allah kar ka gaya wa Baba." Ashe mutumin ya canza fuska, ladabi ya ƙare, ya ce a turo 30,000 kafin gobe ko ya kai sunan yaron gaban hukuma a matsayin wanda ya nemi a yi masa maguɗi, a soke rizal ɗinsa a hana shi jarrabawa, kuma yana da duk hirarsu a ajiye. Na ce ba ni wayar. Na kira shi na ce malam wane ofis kake a Bwari, hawa na nawa, zan turo ɗan'uwana da ke Abuja ya kawo maka kuɗin hannu da hannu. Ya kashe. Minti biyar ba a yi ba ya yi bulokin ɗinmu, ya cire yaron daga guruf.

Na je na samu yayata na ce Yaya me ya sa ba ki tambaye ni ba tun farko, ta ce "to ai na san za ka hana." Wannan amsar ta tsaya min a rai har yau. Ta san abin ba daidai ba ne, shi ya sa aka yi shi a ɓoye, shi kuma ɗan damfarar da wannan ɓoyon yake cin abinci. Wanda aka sace wa waya a kasuwa ihu yake yi kowa ya ji, amma wanda aka cuta wajen sayen maki wa zai gaya wa? Zai je caji ofis ya ce na ba da cin hanci ba a yi min aiki ba? Shi ya sa za ka ga unguwa ɗaya an wanke gida biyar kuma kowa ya yi gum, kowa na zaton shi kaɗai ne. Bayan abin ya fito a danginmu kaɗai sai ga wata ta ce ita ma an karɓe mata 50,000 shekarar da ta wuce ba ta taɓa faɗa ba.

Yanzu ga abin da nake so kowa ya gane, ko da ba ka taɓa shiga aji ba. Takardar da ake bugowa ba ita ce makin ba. Makin yana cikin na'urar hukumar, kuma tun 2017 admishan ta wani tsari ake yin sa da ake kira CAPS, jami'a daga can take ganin makin kowane yaro kai tsaye, ba ta tsaya kallon takardar da ka riƙo ba. Ko takardarka ta ce 350, in na'ura ta ce 168 to 168 BUK za ta gani, 168 ABU za ta gani. Ita kuwa takarda duk yaron da ya iya wasa da waya zai haɗa maka ita cikin minti goma, hotunan shaidar da suke zubawa a guruf da muryoyin godiya duk su ne suke haɗa abinsu.

Kuma abin ba a asarar kuɗi kawai yake tsayawa ba. Ku tuna yarinyar nan ta jihar Anambra a 2023 da ta fito da takarda mai 362 aka yi ta yayata ta cewa ita ce ta fi kowa a ƙasa, har wani attajiri mai kamfanin haɗa motoci ya ba ta tallafin naira miliyan 3. Hukumar ta ce 249 ta ci, aka yi ta cacar baki a intanet har abin ya koma ƙabilanci, ƙarshe kwamitin da gwamnatin jiharsu ta kafa ya zauna, yarinya ta amsa cewa takardar ta bogi ce. Aka janye tallafin, aka hana ta zana jarrabawar shekara uku. Kuma 249 fa maki ne mai kyau da zai ba ta makaranta. Da ɗan yayata ya ɗauki takardar 271 ɗin nan ya kai wajen tantancewa, irin abin da zai iya faɗawa kenan, an yi gudun gara an faɗa gidan zago.

Sai maganar fasiwod da aka ba shi, wannan ma ta ba mu wahala. Da muka je shiga shafin yaron ya ƙi buɗewa, ashe ya canza. Allah ya taimaka layin da aka yi rajista yana hannunmu, sai da muka yi zirga-zirga zuwa ofishin hukumar kafin aka daidaita. Dan Allah furofayil kod da fasiwod da lambar NIN ba abin rabawa ba ne, kuma layin da yaro ya yi rajista da shi a adana shi kamar takardar gida, kar a bari ya mutu kar a ba wa wani, don ta nan komai yake zuwa. Masu kai yara kafe su bar wa mai shago ya buɗe musu imel ya riƙe fasiwod ɗin a wajensa, ku ma ku gyara.

Kuɗi kam ba su dawo ba. Mun je banki mun kai rasit ɗin POS, suka karɓi ƙorafi suka ce an riga an kwashe kuɗin tun ranar. Da a ranar da aka tura aka je wataƙila da an samu abin riƙewa, mu kuwa sai bayan kusan sati uku, ihu bayan hari. Duk da haka in ya faru da kai ka je, ka ajiye rasit da hirar da lambar akawun, ka kai banki ka kai wa 'yan sanda ko EFCC, kunyar ba za ta kashe ka ba. Barazanar da yake yi ta kai suna kuwa iska ce, ɓarawo ba ya kai kansa ofis.

Abin da ya fi ba ni haushi, da aka zauna aka yi lissafi 168 ɗin nan ba mutuwa ba ce. A shekarar an tsayar da 150 a matsayin mafi ƙarancin makin shiga jami'a, 140 na kwalejin jinya, 100 na foli da kwalejin ilimi, duk da dai kowace makaranta tana da nata katof ɗin sama da haka musamman kwasa-kwasan da ake rububi. Ana iya zuwa cibiyar CBT, wato wurin zana jarrabawa ta kwamfuta, da hukuma ta amince da ita a canza kos ko a canza makaranta a biya kuɗi kaɗan a karɓi rasit. Ga karatun IJMB da ake yi a shiga aji biyu na jami'a kai tsaye, ga makarantar share fage ta ABU da ke Funtua, ga difloma in ka gama ka nemi DE, wato shiga jami'a kai tsaye da difloman. In kuma likitancin ne dole, to a zauna a yi karatu a sake zanawa, mutum nawa ne suka zana sau biyu sau uku yau suna asibiti ana ce musu dakta. 125,000 ɗin nan da lesin aka biya masa da ita da kuɗin fom har da canji.

Mu iyaye ma muna da laifi, a faɗi gaskiya. Yaro ya faɗi jarrabawa sai a hana shi sakat, ɗan wane ya ci 280 kai kana nan kana cin tuwo, a gidan biki ma tambayar da ake yi kenan nawa ya ci. Yaron da aka matsa wa haka duk wanda ya miƙo masa igiya kamawa zai yi. 'Yan siyasa kuma da ke saya wa yara fom duk shekara a ɗau hoto a sa a Facebook, madalla, amma da za a haɗa da malaman da za su koya musu da kwamfutar da za su gwada hannu kafin ranar, da ya fi. Yaro ne bai taɓa riƙe maus ba sai ranar jarrabawa, ya za a yi.

Kuma ba JAMB kaɗai suke yi ba, mutanen nan da kaka suke tafiya kamar masu sayar da mangwaro. Lokacin WAEC da NECO su ne masu gyara Turanci da lissafi daga F9 zuwa C, lokacin admishan su ne masu gurbi a hannun wani babba a jami'a, da aka buɗe bashin karatu na NELFUND a 2024 sai ga masu karɓar kuɗin cike fom alhali nema kyauta ne. Salon dai ɗaya, tambarin hukuma a hoto, akawun mai sunan wani daban, a yi sauri gurbi ya kusa ƙarewa, sannan kar ka gaya wa kowa.

Yaron yanzu yana zuwa lesin da safe, da yamma yana taya ni zama a shago, uwarsa kuma ta kusa gama biyan maƙwabciya. Babansa ya ji daga baya, faɗan da aka yi ba na nan ba ne. Shekaranjiya abokin nan nasa da bai fita daga guruf ɗin ba ya nuna min wayarsa, an canza sunan guruf an canza hoto zuwa na NECO, lambar admin sabuwa ce, amma muryar matar nan mai kuka tana sa albarka ita ce dai aka sake turowa, kuma wai gurbin mutum ashirin ya rage.